Kwandalar da muka tarar a adakar Baba

Abban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, masu barkwanci don Allah a ɗaga mini ƙafa yau. Kamar yadda wasunku suka sani, Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa watan jiya. Shekaranjiya muka buɗe adakarsa a gaban kawunmu domin a lissafa abin da za a raba. Can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin riguna da takardun gona, sai ga wani gwangwanin alewa ya yi tsatsa. A ciki akwai manyan kuɗin azurfa guda biyar, duk sun yi baƙi, da hoton wata mata mai jiki, an rubuta 1780. Biyu daga ciki an huda su. Sai guda ɗaya daban, an naɗe ta a takarda mai rubutun ajami an ɗaure da zare. Ita launinta ja-ja ne. Gefe ɗaya wani Bature mai gemu, ɗaya gefen barewa, 19 ta hagunta 78 ta damanta, a sama an rubuta Krugerrand.

Jiya na kai wa wani mai gwal a kasuwa. Ya goga a dutse, ya ɗiga ruwan gwajinsa, ya ɗora a sikeli ya nuna giram 33.9. Ya ce gwal ne, amma an cika masa jan ƙarfe, don haka a kuɗin gwal mai karat 18 zai saya, kuma in kawo yau-yau saboda gobe farashi zai faɗi. Na azurfar ko kallon kirki bai yi musu ba. Wannan gaggawar tasa ce ta sa jikina ya yi sanyi, na ce masa ba ni kaɗai ke da ita ba. Wanda ya san kan abin nan ya taimaka.

Maman Nana: Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa can ta fi nan. Abban Ummi, kada ka sake ka koma wurin mutumin nan. Duk mai gwal da ya ce maka yau-yau, to ya ga abin da kai ba ka gani ba.

Ɗan Kwangila: Allah Ya gafarta wa Baba. Yaya, an ce a ɗaga ƙafa, na ɗaga, amma 1780 fa? Kafin jihadin Shehu ke nan. Ku bar maganar ja-jar nan, waɗannan biyar ɗin su ne dukiyar. Ku nemi Turawan gidan tarihi kawai.

Injiniya Samaru: Allah Ya yi masa rahama. Ɗan Kwangila ka kwantar da hankalinka, zan dawo kan 1780.

Abban Ummi, idan abin da ke hannunka na gaske ne, to ka riƙe kwandalar zinariya da ta fi kowace shahara a duniya. Afirka ta Kudu ce ta fara buga ta a 1967. Mai gemun nan Paul Kruger ne, shugaban tsohuwar jamhuriyar Turawan Buwa a can, sunansa aka haɗa da sunan kuɗinsu rand. Duba ƙarƙashin barewar, za ka ga rubutu da harshe biyu yana cewa oza ɗaya ta tataccen zinariya. Oza irin ta awon zinariya giram 31.1 ce. Ita kuwa kwandalar gaba ɗayanta giram 33.93 ce, wato daidai abin da sikelin mutumin ya nuna. Ragowar giram kusan uku jan ƙarfe ne, kuma da gangan aka zuba shi domin zinariya zalla tana da laushi, tana ƙarcewa tana lotsewa. Shi ya ba ta wannan jan. Ke nan karat 22 ce, ba 18 ba.

Ga lissafin abin da ya so yi maka. Karat 18 kashi uku cikin huɗu ne zinariya. Kashi uku cikin huɗu na 33.9 ya kama giram 25.4. Na gaskiya 31.1. Giram biyar da rabi da ɗoriya zai kwashe a tsakani, kafin ma a zo ga ribar da yake cirewa ta saye. Tambayi Maman Nana nawa giram yake yau ka ninka da kanka.

Maman Nana: Kada ma ya ninka, hawan jini zai kama shi.

Amma Injiniya bari in ɗan kare 'yan sana'armu kaɗan, ban da wancan mutumin. Mu abin da idonmu ya saba da shi sarƙa ce da awarwaro da ɗan kunne da zobe. Na Saudiyya 21, na Dubai 21 ko 22, na Italiya yawanci 18. Idan muka ga abu ya yi ja, hankalinmu 18 yake tafiya, don haka aka koya mana. Na shekara goma sha ɗaya ina wannan harka, sau biyu kacal aka taɓa kawo mini irin wannan mai barewar. Wanda muka sani shi ne ƙaramin nan mai giram takwas da mata ke sayowa a Makka da Madina su ajiye ko a sa masa gida a rataya a wuya. Shi kam ko da dare ka kawo za a saya.

Injiniya Samaru: Hajiya wannan ƙaramin ma asalinsa kuɗin gwamnati ne. Fam ɗin zinariya na Ingila ne, wanda aka fara bugawa a wannan siffa tun 1817, nauyinsa giram 7.98, karat 22. Larabawa suka saba da shi har Saudiyya ta buga nata mai irin wannan awo. Yawancin waɗanda ake sayarwa a shagunan can yanzu maƙeran gwal ne ke kwaikwayon siffar, da yawa 21 ne. Gwal ne na gaske, sai dai ba daga gidan buga kuɗi na gwamnati suka fito ba.

Baba Tudun Wada: Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini. Yaro, Allah Ya jiƙan mahaifinka, mun yi zaman kasuwa tare. Waɗannan na azurfa sunansu liyari, wasu su ce dala. Muna yara kakata tana da su a jere a zare, sai ranar salla ko biki take fito da su. Fatake ne ke zuwa da su ta Borno da ta Agadas. Kafin Turawa su kawo sule da sisi da taro da kwabo da anini, wuri ake kashewa, to idan ciniki ya yi girma, doki ko raƙumi, wa zai tsaya ƙirga wuri jaka-jaka? Sai a kawo liyari. Daga baya da aka hana cinikinsu sai maƙeran farfaru suka riƙa narkarwa suna yin mundaye da zobba da kayan doki. Wanda ka ga an huda, na wuyan mace ne. Ka tambayi mahaifiyarka kafin ku sa su cikin gado.

Injiniya Samaru: Baba ya gama magana, Allah Ya ƙara lafiya. Abin da zan ƙara saboda Ɗan Kwangila: matar Maria Theresa ce, sarauniyar Ostiriya, ta mutu a 1780. Da 'yan kasuwar Larabawa da na Habasha da na ƙasashenmu suka riga suka yarda da kuɗin, sai aka ci gaba da bugawa da wannan shekarar ba a canzawa, don ko ɗigo aka sauya mutane za su ƙi karɓa. Har Landan da Rum da Bombai an buga su a wasu lokuta, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Biyana yana bugawa, da 1780 ɗin nan a jiki. Kowace tana da giram 28, azurfar cikinta wajen giram 23 da ɗan kai. Don haka kuɗin azurfarsu za a ba ku, da ɗan abin da mai sha'awa zai ƙara.

Ɗan Kwangila: Shi ke nan an rushe mini gini. Har na fara zaɓa wa Yaya kalar mota.

Bakano a Zazzau: Allah Ya jiƙan Baba. Ni dai abin da ya ba ni mamaki, a ce Bazazzagi ya ajiye zinariya shekara arba'in bai ci ba. Ku kawo mana Kano mu duba muku, a nan garin malamai ne da 'yan boko, karatu kuka iya.

Ɗan Kwangila: Kanawa ke nan. A kai muku barewa ta dawo akuya.

Bakano a Zazzau: Wasa a gefe. Abban Ummi, kada ka yarda a sake goga ta a dutse ko a kankare gefenta, kowace guga rage mata daraja take. Akwai masu na'urar da ake saka gwal a ciki ta karanto kashi nawa ne zinariya kashi nawa ne jan ƙarfe, ba tare da an taɓa shi ba. A Kano akwai, a Abuja akwai. Ka biya kuɗin gwaji, ka karɓi sakamako, sannan ka zaga shago uku ko huɗu kana jin tayi. Kuma kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ka faɗi ranar tafiyarka a nan.

Injiniya Samaru: Kafin ma ya je, akwai abin da zai iya a gida. Faɗinta milimita 32.8 ne, kaurinta bai kai milimita uku ba. Duk wani mai gyaran inji yana da abin auna wannan. Zinariya tana da nauyi ƙwarai, ta kusa ninka dalma, shi ya sa idan aka yi jabu da tagulla ko dalma, in nauyi ya yi daidai sai girma ya wuce, in girma ya yi daidai sai nauyi ya gaza. Ka kuma kara mata mayen ƙarfe, bai kamata ya ja ta ba. Ƙarfe ɗaya ne ke ba da wahala, tangistin, don nauyinsa kusan ɗaya da na zinariya, kuma 'yan damfara suna lulluɓe shi da ruwan gwal. Shi kuma ƙara ke tona shi. Ɗora ta a kan ɗan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa da wani kuɗin, ta gaske za ta yi ƙara siririya mai ja, ta jabu ta yi ƙwas ta tsaya.

Abban Ummi: Na gwada yanzu a ɗaki. Wallahi ƙarar kamar an taɓa kofin tangaran, har Ummi ta leƙo. Na gode. Baba na gode, zan tambayi Hajiya mahaifiyata in ta idar da salla.

Alhaji Na-Giwa: Allah Ya jiƙan mamaci. Ni tambayata ga Injiniya ce, don na ga yana ta zuba kamar shi ya ƙera. Mecece amfanin wannan abu? Ka ajiye shi shekara arba'in, bai haihu ba, bai yi toho ba. Kuɗin da aka saye shi da su a wancan lokaci da fili aka saya a Hanwa ko Zangon Shanu, yau gidaje nawa ne a kai? Da saniya aka saya, yau garke ne. Ni buhu na sani. In saya da kaka in sayar da bazara.

Maman Nana: Alhaji, bara waɗanda suka tara masara suna jiran bazara yaya suka ƙare?

Alhaji Na-Giwa: Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Ni kaina na sayar ƙasa da yadda na saya, ga kuɗin maganin ƙwari ga hayar sito. Amma shekara ɗaya ce cikin goma.

Injiniya Samaru: Alhaji ban ƙi taka ba, kuma ba zan ce zinariya ba ta faɗuwa ba. A Janairun 1980 oza ta kai dala 850. Wanda ya saya a ranar sai da ya jira har 2008 kafin ya sake ganin wannan farashi, a tsakani ta sauka ƙasa da dala 300. A 2011 ta kai wajen 1,900, zuwa ƙarshen 2015 ta dawo kusa da 1,050. Sai a 2020 ta haye 2,000, a 2025 ta wuce 3,000 ta kuma wuce 4,000. Azurfa ta fi ta rawar kai ma, ta taɓa kusan dala 50 a 1980 sannan ta yi shekaru tana jan ciki a ƙasa da goma.

Amma wannan lissafin mai dala ne. Mu da naira muke kwana. A tsakiyar 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,400. Ni na karɓi kuɗin sallamata na ajiye a banki ina jiran in kammala gini, ina ji ina gani kuɗin da zai yi rufi da filasta ya koma na rufi kaɗai. Wanda ya riƙe gwal a lokacin bai yi wayo ba, bai yi komai ba, barci kawai ya yi, ya tashi kuɗinsa na nan. Fili kuwa yana da kyau, sai dai ba ka yanko kusurwarsa ka kai asibiti da tsakar dare, kuma ba a taɓa sayar wa mutum uku kwandala ɗaya ba.

Alhaji Na-Giwa: Amma ɓarawo yana sa ta a aljihu. Fili fa?

Injiniya Samaru: Nan kam ka ci ni.

Maman Nana: To ai mu mata mun daɗe da sanin abin da Injiniya ke faɗa, ba mu jira an kawo shekaru da lissafi ba. Mace ta samu kuɗin adashi ko na gado ta sayi sarƙa, ta yi kwalliya da ita, ranar da kuɗin makaranta ya tsaya ko maigida ya shiga wani hali ta ciro. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da takardar naira ta ɓace, mata nawa suka zo mini da ɗan kunne? Abin da ke cin mace a sarƙa shi ne kuɗin aiki. Ranar saye za ki biya gwal ki biya ƙira, ranar sayarwa gwal kaɗai za a auna, in akwai duwatsu a cire nauyinsu. Shi ya sa nake gaya wa masu son ajiya zalla su sayi marar ado.

Injiniya Samaru: Hajiya kin kawo mu gindin maganar. Dalilin da ya sa gwamnatoci ke buga irin waɗannan ke nan. Kuɗin aikinsu kaɗan ne, kuma hatimin ƙasa ya tsaya a madadin dutse da ruwan gwaji. Awo ɗaya, tsafta ɗaya, duk inda ka kai an san abin da ke ciki. Mutanen Afirka ta Kudu sun yi ta ne don su sayar da zinariyar ma'adinansu ga talakan duniya, suka kuwa ci kasuwa, kafin 1980 kusan su kaɗai ne a fage. Ganin haka Kanada ta fito da tata mai ganye a 1979, zinariya zalla ba gauraye. Sin ta fito da mai hoton dabbar fanda a 1982. Da aka matsa wa gwamnatin wariyar launin fata, Amurka ta hana shigo da Krugerrand a 1985, shekara ɗaya bayan nan ta fito da tata mai mikiya, ta zinariya da ta azurfa. Ingila ta biyo a 1987, Ostiriya a 1989. Ta Amurka da ta Kanada an rubuta dala 50 a jiki, amma ba mai hankalin da zai kashe ta a haka, an sa ne don doka ta ɗauke ta a matsayin kuɗin ƙasa, wanda ya yi jabunta ya yi jabun kuɗi. Krugerrand ko adadin ba a rubuta mata ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar, kuma labarin Abban Ummi ya nuna shi. Hatimi yana aiki ne a inda aka san shi. A Landan ko Dubai ka miƙa wannan, minti biyar an biya ka kusan cikakken farashin ranar. A nan ka miƙa, an goga ta a dutse an ce 18. Saboda haka duk wanda ya tambaye ni ko ya aika a sayo masa irin wannan daga waje, tambayar da nake fara yi masa ita ce wa zai saya a hannunka ranar da ka matsu, kuma a nawa.

Ɗan Kwangila: To mu me ya hana mu buga tamu? Ga zinariya a Birnin Gwari, ga ta a Zamfara, ga ta a Neja. A sa hoton Sarauniya Amina a gefe ɗaya, doki a ɗaya gefen.

Bakano a Zazzau: A sa Dala da Gwauron Dutse dai.

Injiniya Samaru: Kamfanin buga kuɗi muna da shi tun 1963, a Legas da Abuja. Wasu ƙasashen Afirka ma sun gwada. Zimbabuwe ta fito da tata a Yulin 2022 lokacin da kuɗinsu ke narkewa, oza ɗaya karat 22, suka sa mata sunan babbar magangarar ruwan ƙasarsu, Mosi-oa-Tunya. Babban bankin Gana ya fito da tasa a 2024, oza ɗaya da rabi da kwata, ana saye ta bankuna da kuɗin ƙasar. Mu a Yulin 2020 an nuna wa shugaba Buhari sandar zinariya mai kilo 12.5 da aka tace daga ta masu haƙar gargajiya, Babban Banki ya saya. Amma a ce ga kwandala da malamin makaranta zai shiga banki a PZ nan Zariya ya saya, ya dawo bayan shekara biyar bankin ya karɓa a farashin ranar, wannan ban gani ba tukuna.

Alhaji Na-Giwa: Kuma ko an yi, oza ɗaya wa zai iya? Albashin shekara nawa ne? Abin masu kuɗi ne, su ƙara ɓoye abin da suka ɓoye.

Maman Nana: In za a yi don talaka sai a yi giram ɗaya, giram biyu, giram biyar. Haka mata ke saye.

Malama Gyallesu: Ni duk lokacin da aka ce zinariyar Zamfara, yaran 2010 nake tunawa, sama da 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana daka dutsen a cikin gida, a turmin da ake daka hatsi. Ga abin da haƙar ta jawo na 'yan bindiga. Kafin a buga kwandala mai hoton Amina, a fara sanin ta hannun wa zinariyar ke fita da kuma ina take zuwa.

Injiniya Samaru: Gaskiya ne Malama. Ba ni da abin ƙarawa.

Abban Ummi: Malam Na-Kona na ga kana kan layi. Ƙanwata tana tambaya, akwai zakka a kan wannan? Kuma ƙanena ya ce haramun ne ajiye ta saboda hoton mutum da dabba. Sannan ni ina tunanin in saye rabon sauran in riƙe ta, in riƙa biyansu kaɗan-kaɗan.

Malam Na-Kona: Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa Alhaji. Ina karantawa tun ɗazu.

Nisabin zinariya dinari 20 ne, malaman zamani suka auna shi giram 85, bisa dinarin da Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan hijira mai giram huɗu da kwata. Na azurfa dirhami 200, giram 595. Abin fitarwa ɗaya cikin arba'in. A mazhabarmu ana haɗa zinariya da azurfa a cika nisabi, to ko an haɗa naku, giram 31 da azurfa wajen 117, sun ɗan wuce rabin nisabi ne kawai. Sai dai in mamacin yana da wasu kuɗin da in an haɗa za su kai, wannan ku bincika. Magaji kuma shekararsa tana farawa ne daga ranar da rabonsa ya shiga hannunsa. Ku lura, wannan ba kamar kayan adon da mace ke sawa ba ne, waɗanda Malikiyya ba su ɗora wa zakka ba. Kwandala ajiya ce, in ta kai nisabi ana fitar mata duk shekara.

Maganar hoto, a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dinarin Rumawa da dirhamin Farisa ake kashewa a Makka da Madina, da hotunan sarakunansu a jiki. Naira da ke aljihun ƙanenka ma ya duba ta. Namiji an hana shi sanya zinariya ne, ba a hana shi mallaka ba.

Inda zan tsayar da kai shi ne biya kaɗan-kaɗan. Zinariya da kuɗi hannu da hannu ake yi, a majalisi ɗaya, hadisin Ubada ɗan Samit a fili yake. In za ka saye rabonsu, ka nemo kuɗin a wani wuri, a yi ƙima ranar, ka biya ranar. Wannan ya shafi masu tura kuɗi a waya a ce an ajiye musu gwal a wata ƙasa ba su gani ba ba su karɓa ba, su ma su nemi fatawa.

Amma duk wannan na biyu ne. Tun saƙonka na farko ka ce an naɗe ta a takarda mai ajami. Mutum talatin sun yi magana a kan Bature da barewa, ba wanda ya tambayi takardar. Me aka rubuta?

Abban Ummi: Wallahi Malam ban karanta ba, na ɗauka laya ce ko addu'ar tsari. Tana cikin gwangwanin. Ajamin Baba sai kawu, bari in kai masa bayan isha'i.

Shugaban Zaure: Kafin nan, sanarwa. Mutum biyu sun shigo yau suna bin mutane ta akwatin sirri wai suna sayar da kwandalar zinariya a rabin farashi, a tura kafin alƙalami. Na fitar da su. Wanda ya tura kuɗinsa kada ya kawo mana ƙara.

Ɗan Kwangila: Rabin farashi! Ko gyaɗa ba a yi wa haka.

Abban Ummi: Jama'a na dawo, kuma magana ta canza.

Na farko, Baba Tudun Wada ya yi gaskiya. Hajiya ta ce liyarin nan biyar nata ne, na kakarta ne, da su aka kawo ta gidan, ta ba Baba ajiya tun ina goye. Ta ce da bakwai ne, biyu aka narkar aka yi wa yayata mundaye. Kawu ya shaida. Sun fita daga gado.

Na biyu, takardar. Kawu ya sa tabarau ya karanta sau biyu, sannan ya yi shiru. Rubutun Baba ne. Ya rubuta cewa wannan jinginar wani Alhaji ce mutumin Makarfi, ya ambaci sunansa da na mahaifinsa, ya karɓi naira 250 zai biya bayan an sayar da rake, shekara ta 1401 bayan hijira. A ƙasa ya rubuta, ba tawa ba ce. Hajiya ta tuna mutumin. Ta ce a Jidda ya samo ta wajen wani ɗan canji, kuma bai dawo ba don hatsarin mota ya yi a wannan shekarar. Ta ce Baba ya je gaisuwa, ya tarar 'ya'yan ƙanana ne, dangi kuma suna ta rigima a kan gona, ya dawo da ita ya ce sai sun girma. Daga nan ba ta sake jin ya tayar da maganar ba.

Maman Nana: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Baba. Ka ga da ka sayar jiya.

Injiniya Samaru: 1401 ta kama 1981. A lokacin naira ta fi dala ƙarfi, 250 kuɗi ne na gaske, sun kusa kuɗin kwandalar. Yau ko kuɗin mota zuwa Makarfin ba za su kai ba.

Alhaji Na-Giwa: To yanzu 250 za su miƙo su karɓi abin miliyoyi? Ina adalci a nan? Ai sai a ƙimanta kuɗin da Baba ya bayar da darajar yau.

Bakano a Zazzau: Bashi dai abin da aka karɓa shi ake biya, Alhaji. Ƙari riba ne.

Alhaji Na-Giwa: Ƙarin me? Buhu nawa 250 ke saye a 1981?

Malam Na-Kona: Ku dakata. Jingina amana ce, ba ta zama ta mai riƙo don lokaci ya wuce, wannan babu saɓani. Kwandalar ta magadan wancan bawan Allah ce. Abin da za su biya kuwa, ko adadin da aka rubuta ko ƙimarsa bayan kuɗi ya karye irin wannan karyewa, malamai sun yi saɓani a kai tun da, kuma ba a zauren waya za a yanke shi ba. A nemo su tukuna, a zauna da manya na ɓangare biyu, in an yi sulhu falillahil hamdu, in ba a yi ba a je gaban alƙali. Abban Ummi, ka ɗauki hoton takardar ka adana, kada kuma ka raba ta da kwandalar.

Abban Ummi: Na ji Malam. Ƙanena bai ji daɗi ba, ya ce wa ya sani in ba mu faɗa ba, Hajiya ta yi masa kallo ɗaya ya fita. Kawu ya ce ya san wani tsohon dillalin rake a Makarfi da zai iya sanin gidan. Gwangwanin yana wurin Hajiya ta kulle. Bakano, ka turo mini kwatancen masu na'urar nan ta akwatin sirri duk da haka, don in an samu magadan gara a gaya musu abin da ke hannunsu kafin wani ya ce musu 18 ce.